Iyakar Bindigar Alfari

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, ga shi kuwa Alfari ya riga mu. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Rajab, watan da tsofaffinmu ke azumta, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da bakwai ta Hijira, Allah ya karɓi ran Alfari ɗan Siddo, mutumin Tanda, tsohon gardi, wato ɗan sandan Nasara, a barikin Gaya. Ya cika da hantsi a ɗakinsa, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun farkon yankan shinkafa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ni ne Sallau, wanda a dā yake fataucin gishirin Foga, yanzu kuwa gurgun nan mai ɗinkin hula a ƙofar kasuwa. Duk Gaya an san ƙafata ta hagu, an kuma san wanda ya harbe ta. Shi ne wannan da nake wa ta'aziyya.

Da aka ajiye gawa za a yi salla, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba, cewa duk mai haƙƙi a kan mamaci ya faɗa, ko a sauke masa ko ya yafe. Ba wanda ya dubi liman. Ni aka duba, sahu-sahu, har da masu leƙo kai daga baya. Na ce babu komai tsakanina da shi sai alheri. Sai na ji wani a bayana yana cewa, "Sallau ya yi halin girma." Tun daga ranar mutane ke tsayawa a rumfata suna sa mini albarka, wai na yafe wa wanda ya nakasa ni. Wallahi yabon nan yana ci mini rai. Zaman makokin kuwa ba kowa, 'yan uwa ne da maƙwabta kaɗan, ga mutumin da ya kamata a rasa wurin zama a ƙofar gidansa.

Ranar sadakar uku 'yarsa Rakiya ta same ni a zaure. Ta durƙusa, ta ce, "Baba Sallau, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ka yafe masa har zuci, ko kunyar jama'a ka ji?" Na ce mata zan rubuta, a karanta a gaban kowa ranar sadakar bakwai. Ga shi na rubuta.

Alfari, ka hana ni magana kana da rai, na bi ka. Yau ba ka da bakin hana ni, sai ka yi haƙuri.

Waɗanda aka haifa bayan abin ba su san yadda aka yi ba, bari in ɗauko daga tushe. Shekarun da Nasaran Faransi suka zauna da gindinsu a Gaya, ba lanho, wato haraji, kaɗai ya dame mu ba. Aikin dole ne ya kori mutane. A shigo gari a ɗebi maza, a ɗora musu kaya zuwa Dosso ko a kai su fasa dutsen hanya, daidai lokacin da gero yake neman noma. Wani ya dawo, wani sai labarinsa. Saboda haka aka riƙa tashi gida-gida ana bin hanyar Kamba, ana shiga ƙasar Ingilishi. Hanyar tana ratsa wata fadama mai giginyu, a kan tudun da ke kallon fadamar kuwa kumandan, Nasaran da ke mulkin Gaya, ya sa aka kafa rumfar tsaro. Kai, Alfari, aka ajiye a can, da jar hularka da bindigarka. Ba kai ka nemi aikin ba. An ce Tanda ta ba da mutum, aka ba da kai, don ubanka ya rasu, ba ka da mai tsaya maka.

Bindigar da ake ba gardi gajera ce. In ka dogara gindinta a ƙasa, bakinta bai wuce cibiyarka ba. Tana da ƙara, tana dukan kafaɗa, a kusa kuma ba ta wasa. Na ga abin da ta yi wa wani gyado da ya addabi gonakin dawa. Amma gajeren baki ba ya riƙe harsashi ya miƙar da shi yadda dogo yake yi. In abu ya yi nisa, harsashin yana kaiwa, sai dai ba ya zuwa inda aka aike shi. Ya kauce hagu, ya kauce dama, ko ya sunkuya ya nutse cikin laka. Kai kuwa ka san iyakarta a fadamar nan kamar yadda ka san iyakar gonar ubanka. Akwai wata giginya da aradu ta sare wa kai, tana tsaye ita kaɗai inda laka ta ƙare. Daga rumfarka zuwa gindinta, abin da ka auna ka samu. Bayanta kuwa sai abin da Allah ya yi.

Mun san wannan ne daga bakinka. Ranar kasuwa sai ka sauko, ka zauna wajen mai fura, ka jingina bindigar a gwiwa, ka kama ƙorafi da wannan muryar taka da ba ta san raɗa ba. "Ku dubi abin da Nasara ya ba ni," haka kake cewa. "Wai da wannan zan tsare masa ƙasa. In mutum ya wuce guntuwar giginya, ni da mai riƙe da taɓarya ɗaya muke." Mu kuwa mu sunkuyar da kai muna dariyar ciki, muna cewa ɗan Dendin nan wawa ne, ya tona asirin kansa. Kafin wata ya ƙare labarin guntuwar giginya ya kai har Zabori.

In masu gudu suka ɓullo a fadama, sai ka tashi kana ihu, da Hausa da Dendanci, kana cewa su tsaya. Daga nan jakar harsashinka ta ƙi buɗuwa. Ko takalminka ya zame. Ko ka tsaya kare ido da hannu wai rana ta hana ka gani. Sai na ƙarshensu ya wuce giginya, sannan ka durƙusa ka saki wuta, hayaƙi ya tashi, balbelu su watse, harsashi ya tafi neman abin da ya ɓace masa. Shi ya sa aka laƙaba maka Sai-sun-wuce. Yara suna kiran ka da shi a bayan idonka, manya a gaban idonka, kai kuma ka ɓata rai kamar ya dame ka.

Shekara ashirin ke nan ko kusa, damina ta faɗi, aka zo ɗibar maza a unguwarmu, ni ma ina ciki. Matata Ajuma tana da tsohon ciki, na fari. Na duba na ga in na tafi Dosso da kaya a kai, ba lalle in ga abin da za ta haifa ba. Muka haɗu da wasu gidaje muka fita bayan sallar asuba, hantsi ya same mu a bakin fadama. Muka ji ihunka daga tudu, muka ruga iyakar yadda laka ta bari, ina jan Ajuma da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dafe da kaya. Muka wuce giginya.

Sai muka yi abin da kowa yake yi a lokacin, muka tsaya. Abin ya riga ya zama al'ada. An daɗe ana wucewa lafiya har mutane suka mai da gindin giginyar zango. Mata suka sauke kaya suna gyara goyo. Ajuma ta zauna a kan wani suri tana haki. Wani tsoho ana ce masa Baƙo har ya cire malfarsa yana kaɗa ta wajen tudu, yana cewa, "Sai-sun-wuce, a gaida kumandan!" Muka yi dariya.

Abin da ba mu sani ba, kumandan ya gaji da ganin garuruwa suna zama kufai, ya sa an turo wani sarsan, wato saje, daga Dosso, yana rumfar tare da kai. Shi kuwa doguwar bindiga ya zo da ita, irin ta soja, wadda bakinta yake kai wa mutum ƙirji. Ita giginya ba iyakarta ba ce. Daga inda yake, zai iya zaɓen wanda yake so a cikinmu.

Abin da ya faru a rumfar, kai ka gaya mini daga baya, sai da na matsa maka. Sarsan ya durƙusa ya auna wajen da mata suka taru. Ka dafa shi ka ce, "Sarsan, ni suka zaga. Ba ni ita in rama da hannuna." Ya yi dariya ya miƙa maka, ya karɓi taka ya riƙe. Ba ka taɓa harba doguwa ba sai ranar. Akwai wani falalen marmara kusa da inda muke tsaye, shi ka auna, don ƙara da tartsatsin dutse su tashe mu mu gudu. Harsashin ya bugi dutsen, ya yi tsalle, ya sami ƙwaurina.

Na faɗi. Jama'a ta watse, wannan karon da gudu na gaskiya. Mata biyu suka ɗaga Ajuma, tana turjewa tana kiran sunana, ina ce mata ta tafi. Da na ɗaga kai sai na hango ka kana gangarowa a guje, kana ihu wai ka sami ɗaya, doguwar bindigar tana hannunka. Ka taho da ita, ka bar sarsan a kan tudu da gajera. Ko ya harba, ya san ba inda za ta kai shi, ga kuma bayanka a tsakaninsa da mu.

Da ka iso na ɗauka ƙarasa ni za ka yi, har na yi kalmar shahada. Sai ka jefar da bindigar a laka, ka warware rawanina ka ɗaure ƙafar. Na dubi fuskarka na ga hawaye har gemu. Ka ce, "Wa ya ce ku tsaya, bafatake? Na ce muku iyakarta giginya. Ban ce ku shimfiɗa tabarma a gindinta ba."

Ban san lokacin da na daina jin zafin ƙafar ba. Ashe duk surutun nan na wajen mai fura da mu kake. Ashe jakar harsashin lafiyarta lau. Mu da muke ganin mun yi wa wawa wayo, kai kake kiwon mu ba mu sani ba. Kana goye da ni a hanyar Gaya na tambaye ka me ya sa ba ka harbawa tun suna kusa ka kauce da gangan. Ka ce in gardi ya kuskure mutum a kusa, ko yaro ya san da gangan ne, sai a kai shi kaso a ajiye wanda ba ya kuskure. In kuwa ya harba sun yi nisa, laifin bindiga ne, kumandan da kansa ya san halinta. Daga nan ka ce in yi shiru, nauyina ya ishe ka.

Kumandan ya yaba maka, gari ya tsane ka. Mata suka daina amsa gaisuwar matarka Tani a bakin rijiya. Ni kuwa aka sake ni, don gurgu ba ya ɗaukar kayan Nasara. Kai ka tafi Zabori da ƙafarka ka zo da maɗori. Ƙashin ya haɗu a karkace, ba laifinsa ba ne, harsashin ya riga ya yi ɓarna. Kai ka nome mini 'yar fadamar shinkafata shekarar, da wadda ta biyo, har ya zama kowace damina sai an gan ka a ciki. Kai ka sami wanda ya kai wa Ajuma labari a Kamba cewa ina da rai, kai kuma ka fara kawo mini albishir ta haifi namiji, kafin ta dawo da shi a bayanta. Mutane suna ganin duk wannan suna cewa tsoron alhaki ne yake cin ka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don na san za ka yi fushi. Ina alfahari da ƙafar nan. Tun ranar da ka karya ta ba wanda ya ƙara shakkar ka a bariki. Sarsan ya koma Dosso da doguwarsa yana cewa a bar Alfari a wurin, yana da zuciya. Ka ci gaba da zama a rumfar shekara da shekaru, jakar harsashi tana ƙin buɗuwa, ba ka ƙara taɓa ko gefen rigar wani ba. Kuma ba wanda ya ƙara tsayawa a gindin giginya. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka wuce a shekarun nan. In na ji ƙafar tana mini zogi da sanyin safiya, nakan ce mata ta yi haƙuri, ta yi aikin da ya fi fataucin gishiri.

Da ka ajiye jar hula na ce bari in tashi a masallaci in faɗi gaskiya. Ka ce, "Wanda ya gaje ni a hannuna ya koyi buɗe jakar harsashi. So kake a kai shi kaso?" Na bar zancen. Da aka tashi rumfar, aka mai da tsaro bakin kogi, na sake tayar da maganar. Ka ce, "Ƙafa ta karye ko ba ta karye ba?" Na ce ta karye. Ka ce, "To, hannuna ne. Bar mutane da maganarsu." Ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba, Alfari. Yau rumfar ta ruɓe, wanda ya gaje ka ya koma garinsu, ba sauran wanda maganata za ta cuta.

Gardin nan da ake tsoratar da yara da shi, bai iya yanka kaza ba. In Tani za ta yi miya sai ya aiko a kira ni, ya ba ni wuƙa, ya juya baya yana duban katanga wai tana neman yaɓe. A wajen dara kuwa ba amana gare shi ba. In na sunkuya gyara zare sai in tarar da ɗan darata ɗaya ya tashi daga gidansa, in na yi magana ya ce iska ce. Ya sassaƙa mini sandar dogarawa, in ta cinye ya sassaƙa wata, kuma kowace sai ya ce waccan ta fari ta fi kyau, ni ne ban iya riƙo ba. Bai taɓa zuwa rumfata hannu wofi ba, ko da busasshen kifi ne a cikin ganye, sai ya ajiye a gefe ya ce wai wani ne ya ba shi, shi ba ya ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyarmu masallaci. Kai dogo ne mai faɗin taku. Amma tun da na fara takawa da sanda kake biyo mini, kana rage tafiyarka daidai da tawa. In na tsaya hutawa sai ka tsaya kai ma, ka kama duban wani abu a sama, don kada in ji kunya. A hankali har jikinka ya saba, ko kai kaɗai kake tafe sai a ga kana ɗan jan ƙafar hagu. Baƙi sukan tambaya wane ne aka harba a cikinmu.

Ranar Litinin da aka ɗauki makara, samari suka yi sauri da kai yadda addini ya ce. Na bi iyakar ƙoƙarina, sanda tana nutsewa a rairayi, jama'a tana wuce ni. Na ɗaga kai in ga ko ka tsaya kana duban sama. A nan na san ka mutu, a nan kuma na yi kukan da ban yi a gaban liman ba. Ko da na isa har an saka ka. Aka ce mini ɗana Sa'idu ne ya shiga kabarin ya karɓi kanka. Rakiya, Sa'idun nan shi ne cikin da Ajuma take ɗauke da shi ranar da ta zauna a kan suri, a wajen da sarsan ya auna.

To, 'yata, ga amsarki. Kin girma ana nuna ki da baki ana cewa 'yar wanda ya harbi Sallau, kin haɗiye, ba ki taɓa tambayar ubanki ba don kunya. Kin tambaye ni ko na yafe masa har zuci. Na bincika zuciyata tun ranar da ya goyo ni daga fadama, ban sami abin da zan yafe ba. Ya karɓi ƙafa ɗaya, ba da nufinsa ba, ya bar mini mata da ɗa, ya kuma ba ni abokin tafiya har tsufa. Masu zuwa rumfata suna yaba mini, ku daina. Ku wuce gidan Alfari, tabarma tana shimfiɗe, ku yi wa iyalinsa gaisuwa yadda ta kamata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tani, wadda ta sha ɗacin bakin rijiya ba ta san dalili ba, ta kuma zauna da mijinta da mutunci. Ina yi wa Rakiya da 'ya'yanta. Ga dangi na Tanda ina cewa fonda tilas, yadda kuke faɗi da bakinku. Ina kuma yi wa mutanen da ke Kamba da garuruwan bayanta ta'aziyya, waɗanda suka ratsa fadamar nan suna dariya, yau suna da jikoki. An yi muku mutuwa ba ku sani ba. Wanda wannan magana ta iske, ya ɗaga hannu ya yi wa Sai-sun-wuce fatiha.

Allah ya jiƙan ka, Alfari. Allah ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Allah ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ƙafata kuwa kada ya tambaye ka ita, ni ne mai ita, na shaida babu haƙƙi. Allah ya ba iyalinka haƙuri, ya sa albarka a bayanka. Ya Ubangiji, bawan nan naka ya daɗe a kan tudu yana jinkirta hannunsa har bayinka su wuce. Ranar da za a hau siraɗi, ka jinkirta masa duk abin tsoro har ya wuce. In kuma ka ƙaddara mini bin sa, ka bar shi ya tsaya a can gaba ya jira ni, ya san tafiyata. Amin.